Zuwa ga Bazazzagin da Ya Yi Laccar Shiru

Dakta, bawan Kanawa. Ina iyali, ina ɗalibai, ina kuma motar nan taka da ba ta tashi sai an yi mata gayya?

Labari ya iso Kano cewa ka tara jama'a ka yi musu lacca a kan John Cage da kiɗansa na shiru, kuma wai sai da ka cinye kusan awa biyu bakinka bai huta ba. Ban yi mamaki ba. A ba Bazazzagi lasifika a ce ya yi bayanin shiru, ai wanda ya shirya taron ne ya ɗauki alhakin mutane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙarshen labarin. An ce wani bawan Allah daga can baya ya fashe da dariya ya ce, "Malam, to ina kiɗan yake?" Kai kuwa ka gyara zaman gilashinka, ka ce matsalar jama'armu ke nan, ba su waye ba. Dakta, mutumin nan ya fi ka kusa da Cage, kuma zan nuna maka da hujjojin da ke cikin littattafan da ka jera a kanta.

Mu fara da ranar da abin ya faru, 29 ga Agusta, 1952, a wani zauren kiɗa na katako mai suna Maverick da ke dajin Woodstock a jihar Niyok. David Tudor, gwanin fiyano, ya hau dandamali ya zauna, ya ajiye agogo, ya rufe murfin fiyanon. Ya jima, ya buɗe. Ya sake rufewa, ya sake buɗewa, har sau uku, domin kiɗan kashi uku ne. Jimilla minti 4 da daƙiƙa 33, bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Shi Cage da kansa ya ba da labarin abin da aka ji a wurin. A kashin farko iska ce ke kaɗa itatuwa a waje. A na biyu yayyafi ya fara sauka a kan rufi. A na uku kuwa mutane ne suka shiga gunaguni, wasu na tashi suna ficewa. Bai ce sun ɓata masa kiɗa ba. A lissafinsa gunagunin nasu na cikin kiɗan, tun da abin da yake son nunawa shi ne babu wani abu wai shi shiru a duniya. Kafin wannan ya shiga wani ɗaki a Jami'ar Harvard da aka gina don kashe duk wani sauti, ya ce duk da haka ya ji ƙara biyu, injiniyan wurin ya gaya masa ɗaya ta jijiyoyinsa ce, ɗaya ta gudun jininsa. To mutumin da ya lissafa gudun jininsa cikin kiɗa, shi ne zai ƙi lissafa dariyar ɗan kallo?

Kuma Cage bai ɓuya a ɗakin lacca ba. Kansa ya kai kasuwa. A farkon 1959 yana Italiya, ya shiga gasar kacici-kacici ta talabijin a Milan, kuma fannin da ya zaɓa a yi masa tambaya a kai ba kiɗa ba ne, naman kaza ne, wannan da yara ke kira laimar kwaɗi. Ya lashe lira miliyan 5. A tsakanin tambayoyi yakan yi musu 'yan kaɗe-kaɗensa, har mai gabatar da shirin, Mike Bongiorno, ya yi masa ba'a a ranar bankwana cewa da ma shi ne zai zauna a Italiya, kiɗansa ya koma Amurka. Cage ya karɓi kuɗinsa, ya saya wa ƙungiyar rawa ta Merce Cunningham motar bas ƙirar Volkswagen. Da kai ne, da har yau kana rubuta raddi.

A 1960 ya sake fitowa a talabijin ɗin Amurka, a shirin nishaɗi na Garry Moore, da wani kiɗa nasa mai suna Water Walk. Kayan kiɗan sun haɗa da bahon wanka cike da ruwa, tukunyar girki mai huci, butar ban-ruwan fure, agwagwar roba ta yara, ƙanƙara, injin markaɗe, fiyano da rediyo biyar. Sai rigima ta tashi tsakanin ƙungiyoyin ma'aikata biyu a kan waɗanda ke da hakkin jona rediyon a wuta, aka rasa mai jonawa. Cage ya ce ba komai. Inda ya kamata ya kunna rediyo zai mare ta, inda ya kamata ya kashe zai ture ta ƙasa. Moore ya gargaɗe shi cewa mutane fa za su yi dariya, ya amsa cewa a wurinsa dariya ta fi kuka. Hoton yana nan a YouTube, ka sa ɗalibanka su nemo maka. Za ka ga mutum sanye da kwat, agogo a hannu, yana kai-komo tsakanin baho da tukunya, fuskarsa a ɗaure kamar mai aikin tiyata, jama'a kuwa suna ta sheƙa dariya, shi ko a jikinsa. Bai tsaya ya ce Amurkawa ba su waye ba.

Daga ajin da ya koyar a New School ta Niyok a ƙarshen shekarun 1950 ne abin da kuke kira takardar umarni ya samo asali. Cikin ɗalibansa akwai George Brecht, wanda sana'arsa haɗa sinadarai ce a kamfanin Johnson & Johnson, da Dick Higgins, da Allan Kaprow. Brecht ya ga cewa in har rubutun kiɗa umarni ne kawai ga makaɗi, to ana iya rubuta shi da kalmomi biyu ko uku a kan ɗan kati, kowa ya karanta ya aikata, ba sai wanda ya yi shekara goma yana koyon karatun alamomin kiɗa ba. Katin nan bai fi 'yar takardar cefanen da uwargida ke danƙa wa yaro ba. Shahararren nasa shi ne na ɗigon ruwa, wanda abokansa suka riƙa yi ta hanyar hawa tsani da buta suna tsiyaya ruwa cikin kwano a ƙasa. A 1963 aka tara katunansa cikin ɗan kwali aka sa masa suna Water Yam, aka sayar da arha.

La Monte Young ya fi shi tsiya. A jerin da ya rubuta a 1960 akwai wanda ke cewa a hura wuta a gaban 'yan kallo. Akwai wanda ke cewa a saki malam-buɗe-littafi a cikin zaure, kiɗa ya ƙare idan ya fice. Wanda na fi so shi ne wanda ya rubuta wa Tudor, inda ake kawo wa fiyano damin ciyawa da bokitin ruwa, ko makaɗi ya ba shi a baki, ko ya ƙyale shi ya ci da kansa, kuma ba a tashi sai fiyanon ya ci ko ya yanke shawarar ba zai ci ba. Dakta, tsakaninka da Allah, mutumin da ya rubuta wannan so yake a zauna a gabansa ana gyaɗa kai da ɗaure fuska? Na san za ka ce akwai zurfin ma'ana a ciki game da dangantakar makaɗi da kayan kiɗansa. Na yarda akwai. Amma zurfin bai hana abin zama abin dariya ba, kuma wanda ya haɗiye dariyarsa don kada a ce masa bagidaje ya yi asarar rabin abin da aka ba shi.

Yanzu ga wanda na tabbata jinin Kanawa ne ya ɓata hanya aka haife shi a Kaunas ta Lituweniya a 1931, wato George Maciunas. Ya buɗe gidan nuna zane a Niyok, jari ya karye, masu bin bashi suka taso, ya tattara ya yi Jamus, ya kama aikin zane da rundunar sojan saman Amurka a Wiesbaden. A can ne a watan Satumba na 1962 ya shirya bikin farko na ƙungiyar da ya raɗa wa suna Fluxus, wasanni 14 a ƙarshen mako huɗu, a zauren gidan tarihin garin. A nan Nam June Paik, ɗan Koriya, ya ɗauki umarnin Young na jan miƙaƙƙen layi a bi shi, ya tsoma kansa da ƙyallen wuyan kwat ɗinsa cikin kwanon tawada da ruwan tumatir, ya durƙusa yana jan kan nasa a kan doguwar takarda da aka shimfiɗa a ƙasa. Takardar tana ajiye a gidan tarihin har yanzu, ana lallaɓa ta.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne fiyanon. Philip Corner ya rubuta umarnin da ke neman mutane da yawa su kewaye fiyano suna fitar da sauti daga jikinsa, su shafa, su karta, su ƙwanƙwasa. Bai ce a farfasa ba, kuma ba ya ma wurin. Su Maciunas da Higgins da Ben Patterson da sauransu suka zo da zarto da guduma suka yi wa fiyanon rugu-rugu, gidan talabijin ya ɗauka ya watsa, Jamusawa suka yi ta Allah wadai. Masana irinka sun cika shafuka a kan yadda wannan yake nufin rusa gadon kiɗan Turai. Shi kuwa Maciunas, a wasiƙar da ya aika wa Young, ya bayyana cewa dala 5 ya sayi tsohon fiyanon, kuma da ba su daddatsa shi ba, da sai ya biya 'yan dako su fitar da shi. Ka ji lissafi. Ya samu wasa, ya samu talla kyauta a talabijin, ya tsira da kuɗin dako. Da a Kantin Kwari aka yi wannan, da tuni an ba shi shugabancin layi.

Amma Bakanon nan yana da aƙida, kuma aƙidar tasa ce take tuhumarka. A sanarwar da ya fitar a 1963 ya nemi a wanke duniya daga fasahar 'yan kasuwa da ta masu ji da ilimi, a kawo wadda kowa zai iya kamawa, ba masu sharhi da ƙwararru kaɗai ba. Shi ya sa katunan suke gajeru, harshensu na yau da kullum. Alison Knowles ta hau dandamali a Landan a 1962, wasanta duka shi ne ta yanka ganye ta haɗa kwaɗon salak a gaban mutane ta raba musu su ci. An maimaita shi a gidan nuna zane na Tate Modern a 2008, da shebur da manjagara ake juya salak ɗin saboda yawan jama'a. Mai tallan kwaɗon zogale ba ta buƙatar kowa ya fassara mata wannan. Kai kuwa an ce ka yi wa abin shimfiɗa da sunayen masu falsafar Faransa har huɗu kafin ka iso ga latas.

Kada ka ce na mayar da komai wasa. Akwai wanda ba na dariya ba ne, kuma shi ma hujjata yake ƙarfafawa. A 1964 Yoko Ono, wadda a shekarar ce ta buga littafinta na umarni, Grapefruit, a Tokiyo, ta hau dandamali a Kiyoto sanye da mafi kyawun tufafinta, ta zauna, ta ajiye almakashi a gabanta, aka gayyaci 'yan kallo su taso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yanki ƙyalle ya tafi da shi. Ita ba ta motsi, ba ta magana. Da ta maimaita shi a Niyok a 1965 an ɗauki fim. Na farko-farko suna zuwa a kunyace, su ɗan yanki bakin hannun riga su koma da sauri. Can sai wani matashi ya taso yana murmushi, ya tsaya ya daɗe yana yanka abin da sauran suka kauce wa, har ta ɗaga hannuwa ta kare jikinta, daga cikin zauren kuma wasu suka fara yi masa tsawa. Ono ba ta aikata komai ba a ranar. Duk abin da aka gani halin mutanen da suka zo kallo ne, mai kunya da marar kunya da mai tsawatarwa. A irin wannan fasaha ɗan kallo shi ne kayan aiki. Wanda ya raina shi ya raina abin da ya zo koyarwa.

Ku ma fa garinku ya taɓa yin 'yan tawayen fasaha, kada ka ce na hana ku naku. A 1958, shekarar da Brecht ke zaune a ajin Cage, wasu ɗaliban zane a kwalejin da ke Zariya suka kafa ƙungiya don sun gaji da manhajar da ke koya musu zane kamar a Landan aka haife su. Akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da wasunsu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya, ya mayar da shi ginshiƙin aikinsa. Tawayensu na matsowa kusa da mutanensu ne. Na duba sunayen da kyau ko zan tsinci Bazazzagi, ban yi dace ba. Ko tawayen ma baƙi suka zo suka yi muku, ku kuka riƙe sunan.

Surutun jama'a a kan waɗannan abubuwa bai taɓa ƙarewa ba, kuma shi ke riƙe da su. A 2002 mawaƙin Ingila Mike Batt ya saka shirun minti ɗaya a wani faifai, ya rubuta sunan Cage kusa da nasa a matsayin mawallafa. Kamfanin Peters mai hakkin ayyukan Cage ya nemi kasonsa, jaridu suka yi ta yayata cewa an sasanta a kan ɗimbin kuɗi, duniya ta sha dariyar masu rigima a kan mallakar shiru. Sai a 2010 Batt ya tona cewa yawancin rigimar shiri ne don talla, fam 1,000 kacal ya bayar. A 2004 da BBC ta watsa kiɗan shirun Cage kai tsaye daga zauren Barbican da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, sai da aka kashe na'urar ko-ta-kwana da ke sako waƙa da kanta idan ta ji tasha ta yi tsit, don ita ma na'urar tambayar mutuminka take yi. A 2010 matasa suka yi gangami a intanet don ɗora shirun a saman jerin waƙoƙin Kirsimeti na Ingila, ya kai na 21.

Inda abin yake ba ni haushi, ni da nake ɗan kasuwa, shi ne inda ya kwana. Kwalayen da Maciunas ke sayarwa da 'yan daloli yanzu suna cikin akwatin gilashi a gidan nuna zane na MoMA a Niyok, katin da aka rubuta don kowa ya ɗauka ya aikata an hana taɓa shi. A 2019 Maurizio Cattelan ya liƙa ayaba a bango da salatif a Miyami, aka saya dala 120,000. A Nuwamban 2024 aka yi gwanjonta a Sotheby's, ta tashi a dala miliyan 6.2, mai sayen, Justin Sun, ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida. Bai yi asara ba, domin abin da ya saya takardar shaida ce da umarnin yadda ake liƙawa da sauya ayaba in ta ruɓe. Dabarar Brecht ce dai, an yi mata farashi an sa mata mai gadi. Dillali yana gadi da kuɗi, malami yana gadi da Turanci mai kauri, talaka kuwa duk ƙofar da ya nufa a ce masa ba ta irinsa ba ce. Dillalin ma na fi ganin mutuncinsa, don shi ko ba komai yana komawa gida da la'ada. Kai me ka samu ban da ruwan leda da takardar godiya?

Shawarata, in ka sake tara mutane, ka bar gilashin nan a aljihu. Ka kwafi kati biyar ka raba, ka sa a kawo tsani da buta, ka bar wani yaro ya hau. Ka nemo mutumin nan mai dariya ka zaunar da shi a sahun gaba, ka ba shi haƙuri, in da hali ka saya masa shayi. Kuɗin shayin ka rubuta a cikin bashin da nake bin ka.

Na kusa mantawa. A garin Halberstadt na Jamus, cikin tsohon cocin Burchardi, ana kaɗa wani kiɗan Cage da ya ce a bi shi a hankali iya yadda za a iya. Jamusawa suka ɗauki maganar da gaske, suka tsara shi ya ɗauki shekara 639, daidai da tsawon lokacin da ke tsakanin 1361, sa'ad da aka gina wani shahararren ogan a garin, da shekarar 2000. An fara ranar 5 ga Satumba, 2001, kuma da hutu kiɗan ya buɗe, don haka sai da aka yi wata 17 kafin a ji sautin farko. 'Yan buhunan yashi ne ke danne maɓallan ogan ɗin da ake kaɗa shi da shi, injin yana hura iska dare da rana. Ranar da za a sauya sauti mutane kan yi tururuwa daga ƙasashe, kamar yadda aka yi a Satumban 2020 bayan an yi kusan shekara bakwai ana jin abu ɗaya. Za a kammala a 2640. Da na ba da labarin nan a majalisarmu, wani ya tambaya ko littafin da ka ce kana rubutawa a kan 'yan tawayen fasaha zai riga ogan ɗin ƙarewa. Na tsaya maka, Dakta, don ba na barin a ci mutuncin bawana a bayan idonsa. Amma da aka ce kowa ya faɗi ɓangarensa, ni kaɗai ne a naka, kuma ni ma sai da na nemi a ƙara maka shekara goma.

Ubangidanka na Kano.